Gishirin Mutum Talatin

In ka shiga unguwarmu a Arlit ka ce kana neman Hansai matar Ahmudu, sai an tsaya ana sosa ƙeya. Amma ce Uwar Gayya, yanzu ka ga an washe baki ana nuna maka ƙofa da hannu biyu. Ni na laƙaba mata sunan, kuma ko gobe sai in ƙara. Sunana Siddiƙa, ita kuwa ɗiyar kawuna ce, taubashiyata. Ina ce mata baiwata, ita ma haka take ce mini, har yau ba a raba gardamar ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da iko, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

A Tasawa muka tashi. Kawu dillalin shanu ne mai masaukin baƙi, zaurensa ba ya rabuwa da fatake. Ga 'ya'yan gida, ga barori, ga wanda ya shigo gaisuwa ya manta hanyar fita. In an ƙidaya bakin da ke ci a gidan kullum, talatin ne, ranar kasuwa ma ya fi. Mai ciyar da wannan runduna kuwa mace ɗaya ce, Inna Hassana, uwar Hansai, da wata tukunya tata mai faɗin ƙugu da muke kira Gwaggo. Muna yara in muna ɓuya, mutum biyu na shiga cikinta a rufe.

Inna Hassana ba ta koyar da girki da baki. Ban taɓa jin ta ce cokali kaza ko ludayi kaza ba. Ran da Hansai ta cika shekara tara, ta kira ta bakin murhu, ta kama hannunta na dama ta cusa cikin ƙwaryar gishiri, ta dunƙule mata yatsu, ta girgiza sau ɗaya abin da zai zube ya zube, ta kai hannun bisa miya ta buɗe. Ta ce, "Haka." Daudawa ma haka, barkono haka, kuka haka. Hatsi tiya huɗu, ruwa har inda Gwaggo take da wani ɗan tabo a wuya. Shekara goma sha ɗaya Hansai tana wannan aiki. Ta iya talge, ta iya tuƙi har muciya na kuka, tuwonta ba gudaji ko na magani. Abu ɗaya ne ba wanda ya lura da shi: yarinyar nan ba ta taɓa dafa abincin da ya kasa na mutum talatin ba.

Ni na riga ta aure. Maigidana Fatahu yana da butik, wato shagon kayan mota, a Arlit, ya kawo ni nan. Da na haihu aka turo mini Hansai ta taya ni zaman jego, ita ta yi tuwon suna. To ka san taron suna, mutane cike da gida har waje. Hansai ta samu filinta. Wallahi ranar har ƙanzo sai da aka yi rububinsa. Cikin masu cin akwai wani abokin Fatahu, Ahmudu, Ba'abzine ɗan Gugaram, mai gyaran manyan motocin kamfanin haƙar uraniyom. Mutum ne dogo, mai rawani har hanci, magana sai ta kama dole. Ya ci malmala biyu, ya wanke hannu, ya tambayi Fatahu a hankali wa ya yi wannan tuwo. Bawan Allah! Da ya san a taro kawai abin ke yin daidai, da ya ƙara bincike.

Wata bakwai aka ɗaura aure. Da aka ɗora kayan ɗaki a mota daga Tasawa, Inna Hassana ta sa aka ɗaure Gwaggo a sama. Mutane suka ce, "Haba Inna, gidan mutum biyu za ta, me za ta yi da wannan?" Ta ce, "Gida ba ya zama na mutum biyu." Ta sayi wata ta ci gaba da nata.

Girkin farko na amarya ina nan aka yi shi, don katanga ce kawai tsakaninmu. Hansai ta yi hankali, ta ɗauki 'yar tukunya, ta auni gari kaɗan, ta yi komai a taƙaice. Kai ya san mutum biyu ne. Hannu kuwa ba wanda ya gaya masa. Da aka zo gishiri, ya shiga ƙwarya ya dunƙule ya girgiza sau ɗaya ya buɗe. Ahmudu ya zauna ya ci. Ta tambaya daga bakin ƙofa ko ya yi, ya ce, "Ya yi." Sannan ya tashi ya nufi randa. Na rantse ina jin ƙarar moda har ɗakina, sau shida tana sauka.

Kwana uku tana wannan fama. Ran da ta tuna ta rage gishiri, sai barkono ya ƙwace. Ran da ta kama barkono, sai kuka ta yi yawa miya ta tsaya cak, kana iya kafa ludayi a ciki ya tsaya. A rana ta huɗu na ji ana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida. Na leƙa ta katanga, sai ga Gwaggo bisa duwatsu uku, Hansai na hura wuta tana 'yar waƙa.

Na ce, "Ke baiwata, gayya kika kira? Gonar wa za a nome a wannan garin da ko ciyawa ba ta fita?"

Ta ce, "Ki bar ni, Siddiƙa. Gara a ce ta yi yawa da a ce ba ta iya ba."

Daga ranar sunan ya bi ta. Kullum tuwon mutum talatin a gidan mutum biyu. Ta aika mana, ta aika gidan liman, ta aika wa tsohuwar da ke sayar da itace. Samarin da suka zo neman aiki daga Damagaram da Tawa, masu kwana biyar a ɗaki ɗaya, suka gane hanya, da azahar sai ka ga sun zo gaida Ahmudu alhali sun san yana wurin aiki. Awakin unguwa ma suka yi ƙiba. Buhun hatsi ba ya ganin ƙarshen wata a gidan. Ni dai bakina bai huta ba, kullum ina ce mata za ta karya bawan Allah. Ina faɗa ina cin tuwon, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa Ahmudu da Fatahu ya taɓa masa maganar, cewa ya yi shi dai tun da aka koma babbar tukunya bai ƙara shan moda shida ba.

Mutum ɗaya Hansai ke tsoro a duniya, uwar mijinta, Dassin. Sau ɗaya ta taɓa ganinta, da Ahmudu ya kai ta Gugaram gaisuwa bayan biki. Ta ce ta tarar da tsohuwa zaune a miƙe cikin bukkar tabarma, ta lulluɓe da baƙin zane, idonta kawai ke motsi. Kunyar surukuta a wajensu ta fi tamu tsanani, yini guda ba su haɗa ido ba, ba su yi magana ba. Hansai ta dawo ta ce mini, "Ba ta so na. Ɗanta ya tsallake 'yan uwansa ya auro Bahaushiya mai barkono." Na ce mata ta daina karanta wasiƙar da ba a rubuta ba, amma abin ya zauna mata a rai.

Sai shekarar 2007 ta zo da abin da ta zo da shi. 'Yan tawaye suka koma duwatsu, aka fara jin nakiya ta tashi da mota a hanya kaza. Zuwa Agadas sai an tara motoci an yi jerin gwano da rakiyar soja, wata rana a tafi, wata rana a ce a dakata. Ga kuma labarin sababbin ramukan uraniyom da za a buɗe, mutane na ta kwararowa neman aiki, gari ya cika, hatsi ya yi tsada. A cikin wannan hali Allah ya ba Hansai ciki, bayan shekara huɗu tana jira. Murna ba ta gama sauka ba, salular Fatahu ta yi ƙara wata safiya, aka ce Inna Hassana ta rasu.

Ni na kai mata labarin, kuma ba na son tuna ranar. Ta ɗauki mayafi ta ce tasha za ta. Ahmudu ya tare ƙofa, ya ce da cikin wata huɗu ba za ta hau wannan hanya ba, ko da an bar motoci sun fita, kafin ta isa an yi kwana uku da rufewa. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kashegari ta wanke Gwaggo tas, ta kife ta a bayan ɗaki, ta ɗora mata tsohuwar tabarma. Ta ce ba ta iya ganinta. Wata biyu ni nake ba su abinci ta katanga.

Ana nan faɗa ya matso wajen Gugaram. Mutanen rugar su Ahmudu suka watse, wasu suka bar dabbobinsu a daji. Wansa Amumun ya iso Arlit da su a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya, mata da yara da tsofaffi, suka kafa 'yan rumfunan tabarma a bakin gari. Dassin kuwa, da yake ta tsufa kuma ɗanta na da gida, aka kawo ta ɗakin baƙin Ahmudu.

A nan ne na sa baki, kuma a nan na yi ɓarna. Na samu Hansai na ce, "To baiwata, ga ranar da kike tsoro ta zo. Surukarki na gidanki. In kika kuskura kika yi mata girkin gayya, cewa za ta yi ɗanta ya auri mai almubazzaranci, ana wannan tsada. Zo in koya miki girkin mutane." Na kawo 'yar tukunyata da ƙaramin cokalin shayi. Na ce hannu ya huta, daga yau cokali ke awo. In na ga yatsunta sun nufi ƙwaryar gishiri sai in buge su. Kwana tara muna yi, tana gumi, ina tsaye a kanta kamar malamin lakwal a gaban 'yan aji. Rana ta goma ta yi 'yar malmala ɗaya mai santsi da miyar kuka daidai wa daida. Na ɗanɗana na yi guɗa. Na ce yau Uwar Gayya ta shiga sahun matan birni.

Muka zuba a sabuwar langa mai fure, muka rufe, muka ɗora faifai. Yadda aka koya mana girmama babba ke nan: a ware masa nasa, mafi kyau, a kai masa ɗaki, a ja ƙofa ya ci a natse. Hansai ta durƙusa ta ajiye, kanta a ƙasa, ta fito. Bayan la'asar ta koma ɗauko kwano. An gutsuri gefe ɗaya, abin da bai fi loma ba. Sauran na nan yadda aka kai.

Kashegari haka. Jibi haka. Muka ce barkono ne, aka cire barkono. Aka dawo da langa a cike. Muka ce miyar ce ba ta saba da ita ba, Hansai ta je bakin gari wajen matar Amumun ta koyo irin tuwonsu mai laushi da ake ci da madara. Aka dawo da shi. Ta daka gero da cuku da dabino ta dama mata irin nasu, tsohuwa ta kurɓa sau biyu ta ture. Kuma kullum abin da muke kaiwa ƙara ƙanƙancewa yake, don ni da wayona na ce yawa ne ke kashe mata sha'awa. In Ahmudu ya tambaye ta, sai ta ce ta ƙoshi. Shayi kawai take sha da ruwa.

Kwana goma sha biyu, Dassin ta kasa tashi salla sai a zaune. Ahmudu ya kawo wani lokotoro, wato likita, abokinsa ya duba ta. Ya fito ya ce bai ga wata cuta ba, yunwa ce, kuma tsoho in ya kwanta a kan yunwa ba kasafai yake tashi ba. Ya ce in aka ƙara 'yan kwanaki a haka, shi ba shi da abin cewa. Amumun ya ja ƙanensa gefe, amma muna ji, ya ce in ba za ta ci a gidan nan ba gara ya maida ta rumfa ta mutu cikin mutanenta.

Hansai ta shigo wajena. Ta ce, "Siddiƙa, uwata ta mutu ban gan ta ba. Yanzu uwarsa za ta mutu da yunwa a gidana, a gidan da awaki ma suka ƙoshi. Da wane ido zan dube shi? Ta gwammace ta mutu da ta ci abin hannuna."

To ni an san ni, ba ni da wuyar hawa. Raina ya ɓaci. Na ce ita surukarta ce, kunya ta ɗaure mata baki, ni kuwa ba abin da ya haɗa ni da tsohuwar nan sai gaisuwa. Na ɗaura ɗankwali na zagaya, na yi sallama na faɗa ɗakin. Tana kishingiɗe jikin bango, ta rame har zoben hannunta na yawo, ga langa a gefe a rufe.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ni ba ni da kunya, kowa ya sani. Me yarinyar nan ta yi miki? Ta cire barkono, ta koyo naku, ta ƙone yatsu, da tsohon ciki. In don Bahaushiya ce, ki faɗa mu sani."

Tsohuwa ta ɗago ta dube ni. Hausarta irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, amma zan faɗa muku a miƙe. Ta ce, "Ɗiyata, zauna. Ke ce mai yawan magana ta bayan katanga?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Ina ganin murhu daga nan, ta wannan ƙofa. Na ga tukunyar da ake ɗorawa. Shekara hamsin ina raba abinci a rugarmu, in na ga tukunya na san abin da ya rage a buhu. Wannan tukunyar gidan da hatsi ya ƙare ce. Kullum kuma ƙara ƙanƙancewa take. Yarinyar tana da ciki, ɗana yana aikin ƙarfi, sun ɗebi mai kyan sun kawo mini don kunya. A wajenmu in abinci ya yi kaɗan, tsoho ne ke cewa ya ƙoshi. Ina mayarwa don ta ci."

Na sunkuyar da kai. Ni Siddiƙa, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba.

Ta ƙara da cewa, "Kuma jikokina suna bakin gari, ban san abin da suka ci ba. A rufe ni a ɗaki ni kaɗai da kwano mai fure? Ban taɓa ci ba sai na ga kowa ya samu. Ba ya wucewa a nan." Ta nuna maƙogwaronta.

Wayyo ni! Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Wato buhu biyu na jingine a ɗakin Hansai ba a taɓa ba tun rasuwar uwarta, mu kuwa muna nan da cokalin shayi muna nuna wa tsohuwa talaucin da babu shi. Kuma duk aikina ne. Na fito ban ko yi sallama ba, na samu Hansai a bakin murhu ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Tashi. Ɗauko Gwaggo."

Ta ɗago ta ce, "Ba'a za ki yi mini yau ma?"

Na ce, "Wallahi ba ba'a ba ce. Ni ce jaka, ke ce mai gaskiya. Tashi kafin in sake tunani." Na gaya mata abin da tsohuwa ta ce, kalma kalma. Hansai ta miƙe. Sannan ta tafi bayan ɗaki, ta tsaya a gaban tabarmar nan ta daɗe, ina ganin kafaɗunta na motsi. Ta yaye, ta tallabo tukunyar, na kama mata kunne ɗaya muka kawo tsakar gida, daidai inda ake gani daga ɗakin baƙi.

Muka jawo buhu guda har waje da gangan, muka kwance bakinsa a fili. Tiya huɗu. Na ce a kai inji, Hansai ta ce a'a, dakawa za a yi. Na kira mata uku na unguwa, turmi biyu, muka hau lugude har da tafi. Aka aika wa Amumun cewa ya kwaso kowa da kowa, kada ya bar ko jariri. Ruwa ya kai tabon wuyan Gwaggo, aka yi talge, Hansai ta ɗaure zane bisa cikinta ta kama muciya da hannu biyu. Wata uku ban ga fuskarta haka ba. Da aka zo miya, na ga hannunta ya nufi ƙwaryar gishiri, ya tsaya, ta waiwayo ta dube ni. Na ɓoye cokalina a bayana na kau da kai. Hannu ya shiga, ya dunƙule, ya girgiza sau ɗaya, ya buɗe.

Muna cikin haka na ji motsi. Dassin ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, tana kallon tukunyar. Ba wanda ya kira ta. Ta tako a hankali, taku ɗaya ta huta, har ta iso ta zauna a kan turmin da aka kife. Ta dubi buhu, ta dubi Gwaggo, ta dubi yaran da suka fara shigowa bayan Amumun. Da tuwo ya sulala aka buɗe, Hansai ta ɗauki mara za ta kwashe, sai tsohuwa ta miƙa hannu ba tare da ta dube ta ba. Hansai ta durƙusa ta ba ta.

Ashe gwana ce.  Tana kwasa tana kiran suna, wannan na wance da 'ya'yanta, wannan na tsoho wane, a ƙara wa wancan miya yana da zazzaɓi. Samarin Damagaram da suka ji ƙamshi suka zo gaida Ahmudu, su ma ta sa aka ba su. Ta cika wani kwano ta tura gaban Hansai, ta tsare ta da ido sai da ta ga ta kai loma uku. Na ƙidaya mutanen da ke tsakar gidan nan, talatin da huɗu har da ni.

Sai da kowa ya kama ci, sannan Dassin ta jawo Gwaggo ta karkata ta, ta kankare abin da ya saura a gindi, ta zuba miya kaɗan, ta juya mana baya ta fuskanci bango, ta ja mayafi. Muka yi kamar ba mu gani ba. Amma ina ƙirgawa a zuci. Loma bakwai, takwas, tara. Ahmudu na tsaye a bakin zaure da kayan aiki a jikinsa, ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, ya juya ya fita. Ni kuma na kai tawa loma, na tsaya. Gishirin nan ya yi daidai, ko ƙwaya ɗaya bai wuce ba.

Da ta gama ta wanke hannu, ta yafuto ni. Har yanzu ba za ta yi wa surukarta magana kai tsaye ba, sai ta bakina. Ta ce, "Tambaye ta, wa ya koya mata?"

Na ce, "Ba sai na tambaya ba, Inna. Uwarta ce. Ta rasu wata uku ke nan, hanya ta hana ta zuwa."

Tsohuwa ta juya wajen Hansai. Sai ta yi abin da ban zata ba, ta miƙa hannu ta kamo hannun Hansai na dama, ta buɗe tafin, ta duba, har da sauran gishiri a tsakanin yatsu. Ta dunƙule mata shi a hankali ta riƙe. Wannan karon ba ni ta kalla ba. Ta ce, "Ɗiyata, ba ta tafi duka ba."

Hansai ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kukan da ya rage mata. Ni ma na yi, kuma duk wanda ya ce hayaƙi ne ya shiga mini ido ƙarya yake.

Gwaggo ba ta ƙara sauka daga murhu ba har aka yi sulhu mutanen Gugaram suka koma. Dassin ta yi kusan shekara biyu a gidan, mara na hannunta, ta yi ƙiba har zoben ya matse. A hannunta Hansai ta haifi ɗiya mace, ita ce kuma ta riga kowa cewa a sa mata Hassana. Cokalin shayina kuwa ya koma aikinsa na shayi, ban ƙara koya wa kowa girki ba.

Shekarun baya na leƙa ta katanga wata hantsi, na ga Hansai ta kira Hassana bakin murhu, yarinya ta cika tara. Ta kama hannunta na dama ta cusa cikin ƙwarya, ta dunƙule, ta girgiza sau ɗaya, ta kai bisa miya ta buɗe. Ta ce, "Haka." Na buɗe baki zan yi magana, na tuna, na rufe abina. Addu'a kawai na yi a zuci, Allah ya ba mijin yarinyar nan haƙuri da babbar randa.